Ƙafar Cindo Kafin Sakin Gonaki

Kwana tara ke nan Cindo yana zaune a ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinsa, ƙafarsa ta dama a ɗore bisa wani tsohon turmi da aka kifa masa, an naɗe ta da farin ƙyalle har idon sawu. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa zama wuri ɗaya haka ba. Ya haddace kowace ɓula ta dangar gidan, ya san sa'ar da inuwa take barin randa ta hau murhu, ya san kazar maƙwabta da ke kutsowa ta ƙarƙashin zana kowace hantsi, har ya fara jin haushinta don ita tana da inda za ta. Ya jingina, ya miƙe zaune, ya juya gefe, ya sake jingina. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, ƙafar ba ta yi masa ciwo ko ƙanƙane.

Kuturta ce ta bar masa wannan. Shekara bakwai ya yi a ƙauyen kutare na 'yan mishan can kudu, wajen Maraɗi, yana shan magani har cutar ta tsaya. Amma abin da ta riga ta ci ba ta mayar ba. Tafin ƙafafunsa duka biyu sun mutu, ko garwashi ya taka sai dai hancinsa ya gaya masa. A can ya koyi karatu da furfura a gemunsa, a can ya ba da gaskiya ga Almasihu aka yi masa baftisma, a can kuma ya auri Zinariya, wadda cutar ta bar wa ƙafafu lafiya lau ta lanƙwashe mata yatsun hannu. Shekarar da Nasara suka miƙa mulki suka dawo Dakoro, ya karɓi gonar da ubansa ya bar masa a hanyar Ajekoriya. Su biyu ne kaɗai masu bin Almasihu a duk unguwar. Mai bishara yakan leƙo su daga kudu sau ɗaya da rani, ya kwana biyu, ya koma.

Ka'idar da suka zo da ita daga ƙauyen kutare ita ce, kowace yamma ita ta duba masa ƙafafu, shi ya duba mata hannuwa. Sau ɗaya tak aka karya ta. A noman ƙarshe Zinariya ta tafi gaisuwar mutuwa ƙauyen Rumbu ta kwana uku, a cikin kwanakin nan ƙayar aduwa ta huda takalminsa na taya ta nutse a gindin ƙaramin yatsa, ya yi ta yawo da ita bai sani ba. Wurin ya ruɓa daga ciki. Da suka je gidan likita, likita Badaru, wani saurayi ɗan ƙasa da ya yi karatu a Yamai, ya zura siririn ƙarfe cikin gyambon, ƙarfen ya yi ta shiga, Cindo yana kallo kamar ƙafar wani ce.

"Kwana arba'in, Baba Cindo," in ji likitan. "Ba gona, ba kasuwa, ba bakin rijiya. In ka taka ta, mota zan sa ka zuwa kudu a yanke ta daga nan."

Ya sa gefen hannunsa ya nuna ƙasa da gwiwa.

A yinin nan na tara, bayan azahar, aka ji gangar mai shela ta bi bayan danga. Cindo ya kasa kunne. Sarki da kumandan, wakilin gwamnati, sun tsai da ranar sakin gonaki, saura kwana goma sha biyu. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi. Duk damina makiyaya suna arewa da dabbobinsu, manoma suna da gonakinsu, amma daga ranar da aka tsayar, shanu da raƙuma suna da izinin shiga kowace gona su ci kara, kuma wanda ya bar hatsinsa tsaye ba wanda zai saurari ƙararsa. Bana an matso da ranar, don tafkunan arewa sun ƙafe da wuri, Fulani da Buzaye sun riga sun cika bayan gari suna jira.

Gonar Cindo a kwari take, maiwa ya shuka, ita kuwa maiwa ba ta gaggawa. Sai a makon nan ta nuna. Ta yi kyau irin wanda bai taɓa gani ba tun dawowarsu, zangarniya kamar damtsen mutum, in ji Zinariya, don shi bai gan ta ba.

Zinariya ta yi abin da za ta iya. Yatsunta ba sa riƙe 'yar wuƙar yankan hatsi, sai ta sa ya ɗaure mata ita a tafin hannu da tsumma. Takan fita da safe ta dawo da la'asar da abin da bai kai rabin dami ba, ya kwance tsumman ya tarar da fata ta saɓule inda wuƙar ta goga. Ita ma ba ta ji ba. Ya shafa mata mai, ya ce gobe ta huta, ta ce to, gobe ta sake miƙo masa hannun.

Ya aika aka kira masa ƙanensa Almu. Almu ya zo da hantsi, ya yi sallama, ya tsuguna daga bakin rumfa bai hau tabarma ba. Ya tambayi jiki, ya tsokani Zinariya kamar yadda ƙanen miji yake yi, ya ce ta bar wannan tsoho mai zaman sarauta ta dawo gidansa, ta ce in ya iya ciyar da wadda ke can ya zo su yi magana. Aka yi 'yar dariya. Sa'an nan Cindo ya kawo zancen gayya. Ya ce zai yanka akuyar nan, a yi tuwo a dama fura, mutum goma sun isa su kwashe gonar a yini ɗaya.

Almu ya yi ta zane a ƙasa da tsinke. Ya ce kowa yana tseren nasa girbin, ya ce shi kansa gonarsa ta biyu ba a taɓa ta ba, matarsa kuma wata ya kama. Cindo ya bar shi ya gama. Sa'an nan Almu ya ɗago kai.

"Yaya, ba aikin ba ne. Hurar ce. Na riga na tuntuɓi mutum uku tun jiya."

Ba a yin gayya sai an ci an sha na mai gona, wannan ita ce ladarta da mutuncinta. Kuma ba wanda zai kai bakinsa ga ƙwaryar da ta fito daga gidan nan, ko da cutar ta mutu shekara nawa. Cindo ya ce to matar Almu ta dama a can gidansu. Almu ya ce ya kawo wannan ma, aka ce hatsin ai daga rumbun wa zai fito. Ya miƙe yana kakkaɓe riga, kunya ta hana shi tafiya shiru, sai ta fito masa da wasa mai kaifi.

"Kai ka ce Ubangijin naku ba shi barin ku. To ka roƙe shi shi aiko maka da ma'aikata, tunda mu mun kasa."

Almu ya fita. Amma maganar ta zauna tare da Cindo a rumfar, ta ƙi tafiya.

Kowace safiya, kafin Zinariya ta fita, sukan yi addu'a tare. Yakan kwance littafinsa daga cikin ƙyalle, ya bi layi da yatsa, baƙi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya koya. Akwai wurin da takardar ta yi duhu don yawan taɓawa, inda Ubangiji Yesu ya yi wa nasa alkawari cewa yana tare da su kowace rana, ba zai rabu da su ba. A ƙauyen kutare, in mutum ɗari biyu suka taru a gindin ceɗiya ran Lahadi suna waƙa, masu sanda da masu rarrafe, Cindo yakan ji maganar nan a ƙirjinsa kamar ɗumin kunu da sanyin safiya. A nan kuwa, tun da ya hau turmin nan, yana karantawa yana roƙo, muryarsa ta bugi zanar rumfa ta dawo masa. Ya yi roƙo a zaune, ya yi a kishingiɗe, ya yi da ƙarfi har Zinariya ta leƙo. Bai ji komai ba, sai kukan shanu daga arewa, kullum yana ƙara matsowa.

Ya fara yi wa Zinariya faɗa a kan abin da bai kai ba. Ruwa ya yi zafi, tuwo ya yi tsami, ta daɗe a rijiya. Ya tambaye ta gefen da ta yanka, ta faɗa, ya ce ba daga can ake farawa ba. Bayan ta fita ya ji kunya, ya ɗauki tsinke ya karya shi gutsi-gutsi, ya ɗauki wani.

Ran kwana na goma sha biyar da yamma, da ta kwance ƙyallen za ta wanke gyambon da ruwan maganin da likita ya ba su, sai suka ga fata ta rufe shi, sabuwa, mai sheƙi. Cindo ya jawo ƙafar kusa da idonsa, ya danna da babban yatsa. Ba kumburi a ido, ba ruwa. Zinariya ta ce ya tuna abin da aka koya musu, irin wannan gyambo sama yake fara rufewa, ƙasa tana nan ɗanya. Ya ce ya sani, shi da ya shekara bakwai a can ba sai an tuna masa ba. Ta mayar da ƙyallen ta naɗe.

Washegari ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Rijiyar Dakoro zurfi gare ta, ga layin mata, ga makiyaya da jakunansu, wanda ya je ba ya dawowa da wuri. Tana fita ya sauke ƙafar daga turmi. Ya gaya wa kansa bakin ƙofa kawai zai je. Ya tura ƙafar da ƙyallenta cikin takalmi, ya ɗauki sanda, ya taka da diddige. Ba abin da ya ji. A bakin ƙofa ya ga hanya a buɗe, mutane duk sun tafi gonaki. Ya koma ya ɗauki wuƙar.

Da farko da diddige yake takawa, yana dogara sanda. Kafin ya wuce gonar mai unguwa ya manta. Rairayi yana nutsewa a ƙarƙashinsa, ƙarangiya tana maƙalewa a ƙyallen, shi kuwa sai sauri yake ƙarawa. Da ya gangara kwarin ya ga maiwar tsaye ta fi shi tsawo, kawunan sun sunkuya don nauyi, sai da ya tsaya ya dafa sanda. Sa'an nan ya jefar da sandar ya shiga. Ya lanƙwaso, ya yanke, ya jefa, ya matsa gaba. Hannuwansa sun yi kewar aiki. Gumi ya keto masa, ya tsinci kansa yana 'yar waƙa. Kafin rana ta take tsaka ya tara abin da Zinariya ba ta tara ba a kwana huɗu, ya ce a ransa, in aka yi haka sau biyar an gama, ashe amsar addu'ar ke nan.

Bai ji zuwanta ba. Juyowa ya yi ya gan ta tsaye a bayansa, ko gammo ba ta sauke daga kanta ba. Ba ta kira sunan kowa ba, ba ta yi kuka ba. Da haɓa ta nuna masa ƙasa. Ya bi da kallo. A tsakanin kunyoyi, duk inda ƙafarsa ta dama ta sauka akwai tabo baƙi mai laima, tururuwa har sun taru a kan na baya. Sawun ya tafi haka har bakin gona. Ta ce sawun ta biyo tun daga tsakiyar hanya.

Ta zaunar da shi a inuwar kalgo, ta share wurin da ƙafarta tukuna, ta zare takalmin. Ƙyallen ya jiƙe sharkaf. Da ta warware shi, sabuwar fatar ta tsage biyu, ruwa da jini suna fita, ƙaramin yatsan ya yi wani irin launi, ga wari. Ƙudaje suka sauko. Cindo ya daɗe yana kallo. Sa'an nan abin da ya riƙe kwana da kwanaki ya fito, a hankali, ba da faɗa ba.

"Zinariya, an bar mu. Tun ranar da na hau turmin nan nake kira. Ban ji kowa ba. Can da muna da yawa ina jin shi. Nan babu."

Ta cire ɗankwalinta, ta kama gefensa da haƙori ta yage, ta shiga naɗe ƙafar da gindin tafin hannuwanta, yana taya ta ɗaurewa. Sai da suka gama ta yi magana, idonta a kan ƙullin.

"Maigida, yau da sahe mi ƙafar nan ta ce maka?"

Ya ce ta ce lafiya lau.

"To ka ga ƙarya ta yi. Jinka ya ce maka ba ciwo, ga ciwo. Yanzu ya ce maka ba kowa, shi kuma ka gaskata shi? Mu da aka koya wa kada mu yarda da ji."

Ta miƙe, ta ce za ta nemo jaki, kada ya motsa. Ya ce ba zai hau jaki ba. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san kuturu a kan jaki, mai bin kasuwa kasuwa da ƙoƙo yana bara, kuma ran da Cindo ya bar ƙauyen kutare ya yi wa kansa alkawari ba za a taɓa ganinsa haka ba. Zinariya ta ce to ya zaɓa, jaki yau ko mota jibi. Ta tafi.

Ya rage shi kaɗai a kwarin, rana a tsaka. Wuƙar tana hannunsa har yanzu. Ga wata zangarniya nan ta sunkuyo, taku biyu kacal tsakaninsu, har ya dafa ƙasa zai yunƙura, ya tuna, ya koma. Ya sake dafawa. Jikinsa duk yana tsuma kamar na doki a turke. Ya ji haushin Zinariya, ya ji haushin Almu, ya ji haushin mai shela da gangarsa. Daga nan haushin ya ƙare, ya rasa wanda zai ɗora wa.

Ya tuna malamar jinya ta ƙauyen kutare, yadda takan jera su kowace safiya a kan benci, kowa ya ɗaga tafin ƙafarsa. Wanda ya ce mata shi lafiya lau yake, a kansa take fi daɗewa. Ba ta taɓa tambayar mutum abin da ya ji ba. Ya juya maganar alkawarin nan a ransa, wadda ya karanta har ya haddace, ya bi ta kalma kalma kamar da yatsa. Ya nemi inda aka ce za su riƙa ji, bai samu ba. Cewa aka yi yana tare da su, kowace rana, kuma ba a ware ranar gyambo ba, ba a ware Dakoro ba. Wanda ya yi alkawarin ma, ai shi kansa an huda masa ƙafafu a kan gicciye, ya san abin da ake ciki.

"Ubangiji," ya ce, "ban ji ka ba. Kai ka ce kana nan. To ga ni, ga ƙafa, ga maiwa."

Ba wani ɗumi da ya sauko masa a ƙirji. Ƙudaje suna nan, shanu suna kuka a bayan tudu. Amma ya ajiye wuƙar a gefe, ya jawo wani dunƙulen ƙasa ya ɗora diddigensa a kai, ya zauna kamar mai jira tare da wani.

Almu ne ya zo da jakin da kansa, Zinariya tana biye. Ya dubi sawun da ke cikin kunyoyi, ya dubi ƙafar, bai yi wasa ba wannan karon. Aka tsaya ana tunanin yadda za a hau. Tun dawowar Cindo daga kudu hannun Almu bai taɓa jikinsa ba. Ya yi jim, ya goge tafinsa a riga, sa'an nan ya durƙusa ya ce, "Kama wuyana, Yaya." Ya cicciɓe shi ya ɗora.

Hanyar gidan likita ta gefen kasuwa take bi. Cindo ya sunkuyar da kai, ya ƙura wa kunnuwan jakin ido har suka isa.

Likita Badaru ya kwance ɗankwalin, ya yi magana mai tsawo da Faransanci wadda ba wanda ya nemi fassararta. Ya wanke, ya yanke ruɓaɓɓen nama, ya ce ƙaramin yatsan ya riga ya tafi, ya cire shi nan take, ko allurar kashe zafi bai ɓata ba. Sauran ƙafar kuwa, ya ce ba zai yi alkawari ba. Nan da kwana goma za a gani. In kumburi ya haura idon sawu, sai mota. Kwana arba'in kuma an koma farko.

Zinariya ta tambaye shi, cikin ladabi, ko zaman dole sai a gida, ko dai ƙafar ce kada ta taɓa ƙasa. Likitan ya dube ta, ya dubi Cindo, ya gane inda ta dosa. Ya ce shi bai aiki kowa gona ba. Amma in ƙafa tana sama, a rufe, ba ta ɗauki nauyi ba, ba ruwansa da inda mai ita yake zaune.

Haka suka yi kwana huɗun da suka rage. Almu ya bar musu jakin, yakan biyo da sassafe ya ɗora wansa kafin ya wuce tasa gonar, da yamma ya biyo ya sauke shi. A gona Zinariya ta shimfiɗa masa tabarma a gindin kalgo. Ita ba ta iya riƙe wuƙa, amma tana iya taka kara daga gindi ya karye, ta tattara a ƙirji ta rungumo ta zube a gabansa. Shi kuma yana zaune, ƙafa a miƙe bisa buhu, yana yanke kawuna yana ɗaure dami. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna kallo, mace tana girbi namiji yana zaune. Wani ya ce sannu da hutawa, Cindo ya ce yauwa, sannu kadai.

A rana ta biyu, suna fita gari, wata tsohuwa da ba ta san shi ba ta tare jakin, ta kwance bakin zanenta ta zuba masa gyaɗa a cinya, ta ce ya yi mata addu'a, jikarta ba ta da lafiya. Ya dubi gyaɗar. Ya buɗe baki zai ce shi ba mabaraci ba ne, sai ya ga yadda ta tsaya tana jiransa da gaske. Ya tambayi sunan yarinyar, ta ce Lami. Ya yi mata addu'a a nan kan jakin, cikin sunan da ya sani, tsohuwar ta shafa ta tafi. Suka ci gyaɗar da rana.

Aikin ba ya sauri. Kara yana da nauyi, ga nisa yana ƙaruwa tsakanin inda take karyawa da inda yake zaune, sau biyu a yini sai ya ja jiki da gindi a matsar da tabarmar. Sau da yawa yakan gama abin da ke gabansa kafin ta kawo wani, hannunsa ya rasa abin yi, idonsa ya tafi kan abin da ya rage tsaye, ya ji tsumar nan ta taso. A irin wannan lokaci yakan maimaita alkawarin a hankali, wani sa'i sau ɗaya ya isa, wani sa'i sai ya yi ta yi har ta iso.

Ranar sakin gonaki ta same su da kusan rabin maiwar a tsaye. Almu ya kwashe dammunan da aka ɗaure tun jiya da yamma. Suka zo duk da haka, suka ƙara abin da ya samu. Da hantsi shanun suka ɓullo ta kan tudu, jajaye masu dogayen ƙaho, ba iyaka, suka gangaro kwarin. Cindo ya ji ƙarar kara yana karyewa tun daga ɗaya bakin. Ya ga wata saniya ta miƙa harshe ta naɗe zangarniya guda, irin wadda ya ce zai ajiye don iri. Hannunsa ya kai ga sanda. Zinariya tana tsaye da kara a ƙirji, tana kallonsa. Ya riƙe sandar har jijiyoyin hannunsa suka tashi, sa'an nan ya kwantar da ita a kan cinyarsa.

Mai shanun, wani Bafillace dogo mai suna Samba, ya iso inda suke, ya yi sallama, ya ga ƙafa a naɗe, ya ga ɗan tarin da ke gaban tabarma. Ya ce bai san akwai hatsi tsaye a nan ba, amma ko ya kore nasa, ga na wasu nan tafe a baya. Cindo ya ce ya sani, rana ce ta zo, ba laifin kowa. Samba ya tsaya a gefen tabarmar da sandarsa a kafaɗa yana kare musu tarin, har suka gama yanke shi suka ɗaure. Kafin azahar ba sauran abin da ke tsaye a kwarin.

Ran kwana na goma da cire yatsan, Almu ya kai shi gidan likita. Likita Badaru ya kwance, ya matsa idon sawu, ya matsa ƙwauri, ya sunkuya ya sansana. Ya ɗauko siririn ƙarfen nan ya zura, bai yi nisa ba ya tsaya. Ya sake gwadawa ta wani gefe. Ya ce nama yana tasowa daga ƙasa, ba sai an nemi mota ba, in dai an cika sauran kwana talatin ɗin a zaune. Ya ƙara da cewa in ya sake ganinsa da ƙarangiya a ƙyalle, shi da kansa zai ɗaure shi a gadon gidan likita.

A hanyar komawa Zinariya tana tafe a gefen jakin. Cindo ya tambaye ta, a ganinta abin da ke rumbu zai kai su ina. Ta ce in an haɗa da tafasa da yakuwar da ta shanya, zai fitar da su sanyi, wataƙila ya taɓa bazara. Ya ce bayan nan fa. Ta ce ba ta sani ba. Suka ƙara gaba kaɗan. Sa'an nan ya ce in ta je rijiya gobe ta tambayi matan Buzaye ko suna da kaba, a kawo masa, kwana talatin ya isa mutum ya tufka igiyar guga mai yawa ta sayarwa.